Yadda na rubuta tarihin wata jaji

Na fi shekara 20 ina koyar da tarihin mata a jami'a, amma aikin da ya fi ba ni wuya, ya kuma fi zama mini a rai, shi ne rubuta rayuwar wata tsohuwa a wani ƙauye na ƙasar Sakkwato. Jaji ce, wato shugabar 'yan taru ta garinsu, ƙungiyar mata masu neman ilimin addini da Nana Asma'u ta kafa.

Nana Asma'u ce ta ja ni zuwa wurin wannan tsohuwa. Kowace shekara nakan karantar da ɗalibai cewa an haifi Asma'u a 1793, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo ce, matar Waziri Gidado, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Nakan ba su labarin yadda take naɗa jajoji, ta aza musu malfa da jan ƙyalle, su koma ƙauyukansu da waƙoƙin da suka hardace, su koyar da mata tsarki da salla da zaman aure. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Yawancin wannan mun same shi a tsare ne saboda Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe a Sakkwato tana ɗaukar karatu wurin Waziri Junaidu, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Wata rana wata ɗaliba ta ce, "Malama, su jajojin fa, ina nasu tarihin?" Na rasa amsa, kuma na kwana da abin.

Da farko ɗakin ajiye tsofaffin takardu na nufa. Na yi makonni ina buɗe fayilolin Turawan mulki: haraji, jangali, iyakar hakimai, rikicin sarauta. Mace ba ta fitowa sai a ƙidaya ko a shari'ar aure. Sai na tattara na tafi ƙauye.

Na isa da rikoda da takardar tambayoyi 40. Na tarar da ita a kan tabarma bakin ɗakinta, carbi a hannu, jikokinta na ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, wace shekara aka haife ki?" Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, kin sha hura?" Ranar ban samu komai ba, kuma laifina ne. Na shiga gidan mutane kamar mai karɓar haraji.

Sai a zuwa na huɗu, da na bar rikoda a jaka na zauna ina taya su ɓarar gyaɗa, bakinta ya buɗe. Ba ta ƙirga shekara da lamba. Ta ce ta yi wayo ne lokacin yunwar 'Yar Gusau, kakarta kuwa ta ga yunwar Kakalaba, ta kuma ga shigowar Nasara. An naɗa ta jaji "bayan canjin kuɗi da damina biyu". Da dare nakan zauna in daidaita: shigar Turawa Sakkwato 1903, Kakalaba 1914, 'Yar Gusau farkon shekarun 1940, naira ta maye gurbin fam a 1973. Da na jera su, lissafinta bai saɓa da juna ko sau ɗaya ba. Tun daga nan na daina gaya wa ɗalibai cewa tarihin baka ba shi da kwanan wata.

Abin da ya fi koya mini darasi ya zo ne a ƙarshe. Na karanta mata abin da na rubuta, shafi bayan shafi. A ciki na siffanta ta da mai gwagwarmayar ƙwato 'yancin mata, don harshen da muke yi a taron jami'a ke nan. Ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta yi faɗa da kowa ba, mijinta ma shi ke raka ta bakin hanya in za su ziyarar Hubbare, inda kabarin Shehu yake a Sakkwato. Abin da ta yi shi ne ta koya wa mata Fatiha daidai, ta wanke gawar mace in an rasu, ta sasanta kishiyoyi, ta tara hatsi a kai wa mai jego marar hali. Na ji kunya ƙwarai, domin rigar da ba tata ba na sa mata. Na sake babin daga farko da kalmominta.

Ta kuma roƙi in cire labarin mutuwar aurenta na fari. Na so in riƙe shi, saboda yana bayyana abubuwa da yawa game da ita, kuma har yau ina jin rashinsa a littafin. Amma 'ya'yan mutumin suna raye a garin, ita za ta ci gaba da haɗuwa da su a biki da makoki, ni kuwa mota zan hau in tafi. Na cire.

Ta rasu kafin a buga littafin. Da na kai wa iyalanta, babbar 'yarta ta shiga ɗaki ta fito da malfar a naɗe cikin tsohon zane, gefenta ya zare, jan ƙyallen ya koɗe. Ta ce, "Malama, ki riƙe ta ki ji, kafin a kai wa wadda za a naɗa."