Ma'aunin Karrama Gwarazan Guje-guje

A shekarar 2012, da hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta cika shekara ɗari da kafuwa a Stockholm, sai ta buɗe zauren karrama gwarazanta. Cikin waɗanda aka fara sanyawa akwai Jesse Owens, ɗan tseren Amurka, da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa.

Sharuɗɗan shiga kuwa su ne lambar zinariya aƙalla biyu a gasar Olamfik ko gasar guje-guje ta duniya, da kafa tarihin duniya, da shekara goma bayan ritaya. A ganina ma'aunin ya yi ƙunci, domin bai bar gurbi ga masu horarwa ba, alhali su ne ke tsayawa bakin fili da agogo a hannu tun da asuba.