Kifin Bayelsa da gonar kawuna

Daren jiya anka ɗauke wuta, zafin Sakkwato ya hana kowa shiga ɗaki, muna shimfiɗe bisa tabarma ƙofar gida sai wani abokina ya ce wai mutanen Neja Delta ba su da godiya, ana ba su kashi 13 na kuɗin mai amma kullum fasa bututu. Wallahi ni ma haka nike cewa da, sai da bautar ƙasa ta kai ni Bayelsa.

Can na ga rafi yana ƙyalli kamar an juye mashi baƙin mai, kifin da nike saye wani lokaci in ka gasa shi warin kananzir yake yi, da dare kuma sama ja jawur saboda iskar gas da ake ƙonawa ba dare ba rana. A jihar nan ne fa, a Oloibiri, anka fara samun mai a 1956. Marubuci Ken Saro-Wiwa kan ɓarnar da mai ya yi ma ƙasar Ogoni ta jihar Ribas yake fafutuka har gwamnatin Abacha ta rataye shi a 1995, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar tasu zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Masunci ne ya wayi gari ba kifi, ɗansa ya taso ba sana'a, to mi kake jira ya ɗauka? Marigayi 'Yar'adua ya gane haka, shi ya sa ya yi ma 'yan bindigar yankin afuwa a 2009 abin ya ɗan lafa.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne da na dawo na tarad da irinsa a gida. Kawuna yana noma wajen Gwadabawa, damina ta koma sai ta makara kuma ta ɗauke da wuri, rairayi na cin gona, manoma sun nome burtali don ƙasa ta yi kaɗan, Bafillatanin da suke gaisawa shekara da shekaru yanzu kallon-kallo suke yi kan rijiya guda. Ya ce mani "ɗana, da har roƙonsu muke su kwana da shanu gonarmu don taki." Idona ya cika da hawaye.

Shi ya sa da anka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022 mutane na ta murna, ni hankalina na kan rijiyoyi da fadamun mutanen wurin, ina son in ji wa zai tsare masu su.