Babur ɗin Baba a kan tebur

A soron gidanmu nake aiki, cikin birnin Kano. Kayan aikina ba su wuce tebur ɗaya na katako ba, da bais, da ƙaramin injin gurzar ƙarfe, da magagarai iri-iri, sai gwangwanayen madara cike da 'yan mitsi-mitsin noti da waya. Babura nake ƙerawa, amma ba na hawa ba. Tsofaffin baburan da iyayenmu suka hau nake mayarwa ƙanana, kashi ɗaya cikin shida na girmansu. Honda CD175 da tsawonsa ya kusa mita biyu sai ya dawo ɗan abin da ya ɗara rular 'yan makaranta kaɗan, ya zauna a teburin ofis ko a kabad ɗin falo. Tayoyinsa na juyawa, kansa na karkata dama da hagu, shakazobarsa na lotsawa in ka danna sirdi da yatsa, sitan ɗinsa na naɗewa. Injin ne kawai ba ya tashi.

CD175 shi ne na fara ƙerawa, kuma har gobe shi ne hannuna ya fi sani, don shi mahaifina ya hau. Malamin firamare ne, Allah Ya ji ƙansa. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, zamanin Janar Gowon, aka haɗa musu da ariyas, malamai da akawuna da yawa sun ajiye keke sun hau babur, shi ma yana cikinsu. Nasa ja ne, da farin ƙarfe mai ƙyalli a gefen tanki, da robar nan baƙa inda gwiwa ke jingina. A kan tankin nan nake zama ranar Juma'a, na riƙe tsakiyar kan babur ina kallon allurar mita da ke cikin kwanon fitila tana rawa. Daga baya da rayuwa ta yi tsanani aka sayar da shi. Ina tsaye a ƙofar gida mai saye ya buga shi ya tafi, ƙarar salansa biyun nan tana raguwa har ta ɓace a lungu.

Irin kowane yaro na unguwa, da motar kara na soma, sannan motar langa-langa mai tayar silifa. Amma wanda ya mayar da wasan nan sana'a kawuna ne, maƙerin fari, mai yi wa mata zobe da warwaro. Shekara shida ina zaune gefen maƙerarsa. A wurinsa na san yadda ake gasa tagulla har ta yi ja-ja a tsoma a ruwa ta yi laushi, da yadda ake haɗa ƙarfe biyu da dalmar azurfa. In na kai masa zobe ba ya dubawa da ido. Farcen babban yatsa yake bi da shi a zagaye, in farcen ya ɗan tsaya a mahaɗa sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ai ga bakin nan yana magana. Koma ka rufe masa baki." Har yau da farce nake gwada kowace mahaɗa kafin in sa fenti.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ban yarda ido ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Kuskuren milimita ɗaya a ƙaramin babur daidai yake da milimita shida a babba, kuma wanda ya hau babur shekara ashirin zai gane akwai abin da ya kauce ko da bai iya faɗin mene ne ba. Don haka kafin in yanka ƙarfe ko ɗaya sai na nemo babur na gaske na auna. Yanzu samunsa wahala ne, Jincheng da Bajaj sun daɗe da share su daga titi. Sai da na yi ta cigiya kafin aka kwatanta mini wani tsohon bakanike a wajen gari da ke da gawar guda ɗaya a bayan shago, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Kwana uku ina zuwa da tef da littafi. A wurinsa na tabbatar da abin da masu kwaikwayo ba su damu su sani ba: Honda ta yi CD175 daga 1967 zuwa 1979, kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Na farko-farko injinsu a kishingiɗe yake ya karkata gaba, yana rataye a jikin firam na matsattsen faranti. Waɗanda suka biyo baya injin ya miƙe tsaye a cikin firam na bututu. Silinda biyu ne, kabureta ɗaya, giya huɗu, sarƙa kuma a rufe ruf cikin gidanta. Duk wanda ya zo da oda, tambayar da nake fara yi masa ke nan: na mahaifinka injinsa a tsaye yake ko a kwance?

Wili shi ne inda ake gane mai hannu. Rim mai inci 17 in an raba shi gida shida milimita 72 yake dawowa. A cikin wannan ɗan da'ira zan huda ƙofa 36, kowace a karkace ta fuskanci inda wayarta za ta fito, in kuma huda 36 a jikin hob, wato cibiyar wilin. Sifok, wato wayar wili, na gaske kaurinsa wajen milimita uku ne, ke nan nawa rabin milimita. Na gwada waya kala-kala kafin na tsaya a kan wadda masu gyaran haƙori ke ɗaure haƙora da ita, don ba ta tsatsa kuma ba ta lanƙwashewa da kanta. Kowace sai na lanƙwasa kanta, na zura, na tsallaka ta kan 'yan'uwanta yadda masu ɗaurin wili ke yi, rabi na ja gaba rabi na ja baya. In an gama sai in ɗora wilin a kan ƙusa in juya, in kafa allura kusa da bakin rim ina kallo. Ya taɓa allurar a wuri ɗaya ya bar ta a wani, to ya karkace, sai a warware. Wili ɗaya yakan ci mini kwana huɗu, kuma da rana tsaka nake yinsa a bakin ƙofa, don hasken ƙwai bai isa ba.

To wannan wilin ne wani zai ɗauka ya juya da yatsa, ya ji farashi, ya ce, "Haba Malam, wannan ɗan abin wasan yaran? Ai na ga irinsa a kasuwa." Wallahi wannan magana ta fi ƙunar dalma ciwo. Abin da ya gani a kasuwa roba ce da inji ya zubo dubu a rana, sifok ɗinta kauri kamar tsinken tsire, aka watsa mata ruwan azurfa da zai ɓare kafin sallah ta zagayo. Ba na faɗa da kowa. Nakan ɗauko gilashin ƙara girma in miƙa masa in ce, "Alhaji, duba kan fulogi." Mai rabo in ya ga wayar fulogi da hularta, ya ga zare a jikin notin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, yakan yi shiru. Wanda ba mai rabo ba sai ya ce in rage rabi, in ce Allah Ya kawo kasuwa.

Tanki kuwa aikin kawuna ne tsantsa. Ina fara sassaƙa siffarsa da katakon maɗaci, sannan in gasa farantin tagulla mai kaurin rabin milimita, in ɗora a kan katakon in bi shi da 'yar guduma a hankali, daga tsakiya zuwa baki. Tagulla in ta sha duka taurare take yi, in ka matsa mata sai ta tsage, saboda haka ɓari ɗaya sai na mayar da shi wuta sau bakwai ko takwas. Ɓari biyu nake yi in haɗa su a doron tanki. Haƙarƙarin injin, waɗannan faranta da ke sanyaya silinda, ba na zuba su dunƙule. Ɗaya-ɗaya nake yanka su daga alminiyam in jera, yadda in ka ɗaga injin ka duba za ka hango haske ta tsakaninsu. Salansa da madigadi da gefen tanki kuma ba fentin azurfa ba ne. Wankin nikel nake musu a nan soro: ruwan khal da ɗan gishiri a kwalba, da sandar nikel, da wutar cajar waya. Sai dai sirrin ba a kwalbar yake ba, a gogewa yake. Duk ƙarzanen da ka bari a tagulla, nikel fito da shi zai yi, ba zai rufe ba. Sirdi fatar akuya ce ta Sakkwato, wani baduku a Kurmi yake fefe mini ita har ta zama kamar takarda, ni kuma in ɗinke da allurar hannu. Taya daga roba nake gurzo ta, in zana mata ƙafa da reza.

Fenti ba na yinsa da hunturu sai dole. Ƙurar da ido ba ya gani a jikin mota, a jikin tanki mai tsawon yatsa dutse ce. In dole ta kama, bayan asuba nake fesawa, na yayyafa wa ƙasa ruwa, na kife kwali a kai.

Akwai kuma wasu da suka fi masu taya kaya ɓata mini rai. Su ne masu ɗaukar hoton aikina su nuna a shafinsu kamar nasu, a ba su kuɗin somin-taɓi, su kai wa mutum gwangwanin da aka manne da gam. Sau biyu ana kawo mini irin wannan in gyara. Na farkon salansa ɗaya aka yi masa, alhali CD175 biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, kuma an bar sarƙa a waje tsirara. Ban gyara ba, don babu abin gyarawa. Abin da ke damuna shi ne wanda aka cuta ya tafi da tunanin duk masu sana'ar haka muke. Araha dai ba ta ado. Haka wani mai kawo mini waya ya taɓa sauya mini da wata mai kama da ita bai faɗa ba, damina na sauka sifok suka yi ja. Babura biyu na karɓo daga hannun masu su na sake ɗaure wili huɗu ban karɓi ko sisi ba. Tun ranar nan duk wayar da ta shigo sai ta kwana uku a ruwan gishiri kafin ta hau tebur.

Aikin da na fi tunawa wata Hajiya ce ta kawo shi. Hoto ɗaya tak ta zo da shi, baƙi da fari, mahaifinta a tsaye gefen babur da babbar riga. Na tambaye ta launi ta ce shuɗi. Na nuna mata wani ɗan duhu a gefen tanki na ce, "Hajiya, nan kamar lotsawa ce, zan daidaita ta." Ta ce, "A'a Malam, ka bar mini ita. Ni na yi ta. Turmi na tura ya faɗa a kai ina 'yar shekara bakwai, Baba bai dake ni ba, bai kuma taɓa kai shi an buga ba." Na gama tankin sumul, na goge, sannan na ɗauki guduma na lotsa shi da hannuna daidai inda hoton ya nuna. Na ɗaura masa 'yar darduma a kariya kamar yadda ta ce yana yi. Ranar da ta zo karɓa ta daɗe tana shafa wurin lotsawar da yatsa, ba ta ce komai ba, ɗanta ne ya yi sallamar.

Yanzu Vespa ce a gabana, wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ya ba da aikin. Ita wata duniya ce daban. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da ita a 1946, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne. Shi ya sa tayar gaba ta gefe ɗaya aka riƙe ta kamar ƙafar jirgi, kuma ba ta da firam irin na sauran babura, jikin faranti shi ne ƙashin bayanta. Injin na gefen dama kusa da tayar baya, giya a hannun hagu ake murɗa ta, birkin baya a ƙasa ake takawa. Babu sifok ko ɗaya, wannan sauƙi ne, amma duk jikinta lanƙwasa ce, babu miƙaƙƙen layin da za ka dogara da shi. Kumatun nan biyu na baya na buga su sau uku ban gamsu ba. Dattijon ya ce tasa tana nan a gareji a lulluɓe, ya yarda in zo in auna ranar Asabar bayan la'asar, da sharaɗin in bari ya karkata ta gefe ya buga mini ita in ji muryarta tukuna.