Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Sifikar da Na Fara Haɗawa

Makon jiya mun tsaya a inda Mama ta kai ni wurin ƙaninta, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Ni abin da ke raina lokacin shi ne in haɗa amfilifaya irin ta masu sayar da kaset, wadda in an kunna ta duk layin sai ya sani.

Kawu ya bar ni na gama zuba, sannan ya zazzage wani gwangwanin madara a kan tebur, ya tsinto ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai fi farcen ɗan yatsa ba.

"LM386 ke nan, 'yar ƙaramar amfilifaya ce. Da shi za ka fara."

"Kawu, wannan ai ba zai yi ƙara ba."

"Ɗan nan, batir mai bolt 9 ya ishe shi. Ko ka haɗa shi a karkace, 'yan kuɗi kaɗan ne suka tafi. Wutar soket kuwa bolt 230 ce, ba ta san ɗan koyo ba."

Har yau duk yaron da ya zo wurina da maganar haɗa kayan sauti, a nan nake sa shi ya fara, kuma ba na ɗaga masa ƙafa.

Kafin ya bari in taɓa dalma, mitar awon lantarki ya miƙo mini. Na yi ta gwada rezista, masu rage gudun lantarki, ina haddace launukan jikinsu da ke nuna ƙarfinsu: ruwan ƙasa da baƙi da ja, om 1,000, ruwan ƙasa da baƙi da baƙi, om 10. Ya nuna mini yadda kafasito, abin ajiye caji mai kamar ganga, yake da gaba da baya. Doguwar ƙafar ita ke zuwa fulos, gefen da aka ja wa zane shi ne mainos, in ka juya shi zai kumbura, wani lokacin ma ya fashe.

Liƙa dalma ita ce ta fi cin lokaci. Kawu yakan ɗora bakin ƙarfen liƙi a kan ƙafar kayan da jan layin allon da ake jera su a kai, a tare, ya ɗan jira su ɗauki zafi, sannan ya kawo dalmar ta narke ta bi jiki da kanta. In ta fito tana sheƙi, ta kama. In ta dunƙule ta yi toka-toka, yau za ta yi aiki, gobe sautin ya riƙa yankewa. Idan aka ɗauke wuta ba ma tsayawa, yana da wani tsohon ƙarfe mai bakin tagulla da muke gasawa a kan risho. Ƙamshin ƙaron da ke cikin dalmar nan har gida yake bin rigata.

Daga ɗigon da ke jikin LM386 ɗin ake fara ƙirga ƙafafu. Ta 6 ta tafi fulos ɗin batir, ta 2 da ta 4 suka tafi mainos. Sauti ya shiga ta 3 bayan ya bi ta maɓallin ƙara murya mai om 10,000, ya fita ta 5, ya ratsa kafasito mai lamba 220 zuwa sifika mai om 8 da muka ciro daga matacciyar rediyo. A haka yana ninka sigina sau 20. In ka sa kafasito mai lamba 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 sai ya koma sau 200, amma shuuu ɗin da ke ƙasa ma tare suke tashi. Kawu ya sa na saurari duka biyun, na zaɓi na farko.

Da na jona wayata, murya ta fito, sai dai siririya. Kawu ya ce iskar da bayan sifika ke turawa ita ke zagayowa ta cinye ta gaba, shi ya sa ake yi mata akwati. Kuɗin kafinta babu. Da na koma gida Tudun Wada na roƙi Mama wani tsohon tulu, na huda gindinsa na zura waya, na kifa sifikar a bakinsa na liƙe gefen da tsumma da gam. Muryar malamin da ke tafsiri ta fito da kauri, har Mama ta leƙo daga madafa tana tambaya wa ya shigo.

Matsala ɗaya, ƙaramin batirin nan ba ya jimawa. Kawu ya sa na jera manyan batiran tocila huɗu suka ba da bolt 6, da su Mama ta yi ta jin tafsiri a azumin shekarar. Kafin sallah maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta da tulu da kuɗin kaya, ita ma a haɗa mata.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo muku yadda Kawu ya fara koya mini taransifoma da wata amfilifaya mai suna TDA2030.