Na Ɗaura Zare a Kan Fure Don In Gane 'Ya'yan Itatuwa

Gardama ce ta jawo mini wannan aikin. Ƙanena mai karatun ilimin tsirrai ya ce wai tumatir da ayaba rukuninsu ɗaya, mangwaro kuma ɗan'uwan kwakwa ne. Na ce sam, ina haɗin ayaba da tumatir? Ya ce, "Yaya, harshe ba ya raba wannan gardamar. Ki fara duba fure, sannan ki ɗauko wuƙa."

Haka na yi. Na ɗaura jan zare a kan furen tumatir biyu da furen kuɓewa ɗaya a ɗan lambuna, kullum da safe in leƙa. Cikin 'yan kwanaki furen ya yanƙwane ya zube, sai wani ɗan kumburi da ke gindinsa ya soma girma. Wannan ita ce mahaifar fure. Ita ke zama ɗan itace, ƙwayoyin cikinta su zama iri. Tun daga nan na daina tambayar ko abu na da zaƙi, na koma tambayar fure nawa da mahaifa nawa suka haife shi.

Mafi yawan abin da na yanka, fure ɗaya ne mai mahaifa ɗaya. Bangon mahaifar nan hawa uku ne: fata, tsoka, da sashen ciki mai rungume da iri. Bambancin duk yana can cikin. Da na yanka tumatir a kwance, ba a tsaye ba, na ga ɗakuna cike da iri, ko'ina laushi. Masana na kiran irin wannan beri, kuma inabi, barkono da gwanda duk nan suke. Ayaba ma haka: 'yan ɗigon baƙin da ke tsakiyarta iri ne da bai ƙosa ba. Lemo beri ne mai kaurin ɓawo, ka matsa ɓawon ka ga mai na tsartuwa. Kankana da kabewa kuwa nasu ɓawon tauri ya yi.

Ashe rikicin ko tumatir ɗan itace ne ko kayan lambu ya daɗe. A 1893 sai da ya kai Kotun Ƙolin Amurka kan batun harajin shigo da kaya, alƙalai suka yanke cewa a wajen haraji kayan lambu ne, tunda haka jama'a ke amfani da shi, duk da sun amince a kimiyyance ɗan itace ne.

Inda na fi shan mamaki shi ne mangwaro. Duk tsawon rayuwata na ɗauka ƙwallon shi ne iri. Na shanya ɗaya ya bushe, na sa bakin wuƙa ta gefe na ɓare shi a hankali, sai ga ainihin irin kwance a ciki kamar ƙaton wake, lulluɓe da wata siririyar fata. Wato ƙwallon, hawa na uku ne na bangon mahaifa da ya taurare. Zaitun haka yake. Kwakwa ma haka, sai dai ita tsokarta zare-zare ce busasshiya, ƙoƙon mai ido uku shi ne ƙwallon, abin da ake ci da ruwan da ake sha kuma na cikin iri ne. A nan na sallama wa ƙanena.

Sai masu uwa fiye da ɗaya. Sitiroberi fure ɗaya ne mai mahaifa da yawa. 'Yan ƙwayoyin da ke manne a bayansa su ne 'ya'yan na gaskiya, jar tsokar kuwa gindin furen da mahaifun ke zaune a kai ne ya kumbura. Abarba ta fi ban sha'awa. Furanni wajen 100 zuwa 200 ne suka haɗe a kan kara guda, kowane ido da ke jikinta fure ne mai zaman kansa, tsakiyar mai tauri kuma shi ne karan. Ɓaure ya ɓoye nasa furannin a ciki, dole wani ɗan ƙaramin ƙwaro ya shiga ta ƙofar da ke samansa kafin a samu barbara. Tuffa da kashu su ma sun yaudare ni: akasarin tsokar tuffa ba daga mahaifa ta fito ba, na kashu kuma mariƙi, wato ɗan karan da ke riƙe da furen, ne ya kumbura, ɗan itacen gaskiya shi ne lanƙwasasshen da ke rataye a ƙasa.

Busassun ne na fi rainawa a da, don ban taɓa kallonsu a matsayin 'ya'yan itace ba. Kowace ƙwayar masara ɗan itace ce cikakkiya, ɓawonta ya manne da iri ba ya buɗewa, kuma kowane silin gemun masara yana zuwa ne ga ƙwaya ɗaya tak. Alkama da shinkafa haka suke. Kwanson wake kuwa tsagewa yake yi ta gefe biyu idan ya bushe.

Kuɓewar da na ɗaura wa zare ban tsinke ta ba, na bar ta a jikin uwarta. Ta yi tauri, ta koma ruwan ƙasa. Wata safiya na tarar ta tsage daga sama zuwa ƙasa ta kowace kusurwa, na ɗan taɓa ta da yatsa, irin ya zubo mini a tafin hannu.