Gangaren Mbe da jiran janwe

A Kamaru, kayan da jirgin ƙasa ya ɗauko daga Duwala a Ngaundare ake sauke su, domin nan layin dogo ya tsaya tun 1974. Daga nan manyan motoci ke karɓa, su bi hanya mai lamba 1 zuwa Garwa, Marwa, Kuseri, har su tsallaka Njamena. Ita na bi cikin bas ɗin haya, zan je bikin ɗiyar yayata a Garwa.

Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana can ƙasa a bakin Binuwai. Mafi munin saukar tana gangaren da ke kafin garin Mbe, wanda direbobi ke kira falez: kwana bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. A nan muka fara ganin ɗanyen ganye jere a kan kwalta, direbanmu ya rage gudu. Wata gingimari ce ɗauke da siminti, injinta ya mutu tana cikin hawa, ta tare fiye da rabin hanya a tsakiyar kwana. Yaron motar ya riga ya cusa waigi da duwatsu a bayan tayoyi. Jandarmomi suka tsayar da kowa, muka sauka.

Wani matashi mai tirela ya fito da sarƙa, ya ce wa direban, dattijo mai furfura: "Baba, kawo in ja ka zuwa sama mu buɗe wa jama'a hanya." Dattijon ya ce: "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba iska a tankina. Sarƙar nan in ta tsinke, wa zai tare ta?" Wasu fasinjoji suka yi ta gunaguni, ni dai na ga gaskiyarsa. Birkin irin waɗannan motoci da iska yake aiki, kuma inji ne ke tara iskar. In ta ƙare tayoyin baya sukan cije. In kuma aka saki birkin da hannu don a ja motar, to ba sauran birki. Ga mutane cike a ƙasan gangaren.

Sai bayan la'asar janwe, wato motar jan motocin da suka lalace, ta iso daga Ngaundare, bayan mai kaya ya gama ciniki ta waya. Aikinsu ya burge ni ƙwarai. Suka sa aka rage siminti. Bakaniken ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, wato ƙarfen da ke haɗa giyabos da tayoyin baya, don kada giyabos ya lalace in tayoyi na juyawa inji a kashe. Suka jona tiyon iska daga janwe zuwa tankin motar, suka ɗaura sandar ƙarfe a maimakon sarƙa, suka jira iska ta cika, sannan aka zare waigi ɗaya bayan ɗaya. Ba mai ihu, da hannu kawai suke magana. A hankali ta hau, kowa yana salati.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nisan da janwe ta taso. Hanyar da ke ciyar da arewacin Kamaru da Cadi, ana karɓar sefa 500 a kowane shingen biyan kuɗin hanya, ya kamata a ce akwai babbar janwe a girke a Mbe dare da rana. A layin da muka yi akwai motar shanu, akwai mace mai ciki da za a kai asibiti.

Muka wuce Mbe da magariba, muka ratsa gefen gandun dajin Binuwai cikin duhu. Kafin Ngong na ga wasu motocin a yashe a bakin hanya, yaransu sun hura wuta suna gadin kaya. Dare ya raba kafin mu hau gadar Garwa.