Talata: Ni da "Wato" a Taron Ofis

Daren jiya na tura wa shugaban sashenmu saƙon murya ta WhatsApp kan buhunan shinkafar da suka rage a sito. Kafin in kwanta sai na sake saurarensa. Saƙon bai wuce minti 2 ba, amma "wato" ta fito sau 11, ban da "ka gane" da "abin nan". Abin ya dame ni ƙwarai, don lissafina daidai yake, amma wanda ya ji zai ɗauka kame-kame nake yi.

Yau da safe a cikin adaidaita sahu, tun daga Kabuga har Sharaɗa, ina ta bitar rahoton a zuci. A nan na gano inda "wato" take shigo mini: daidai wurin da zan faɗi adadi. Tsoro nake ji kada in yi shiru wani ya karɓe maganar, ko a ce ban san aikina ba, sai in toshe gurbin da ita.

Na gaya wa abokiyar aikina. Ta ce a Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi da aka kafa a Amurka a 1924, akwai wanda aikinsa a taro shi ne ƙirga irin waɗannan kalmomi a bakin mai magana. Na roƙe ta ta yi mini haka, ta ɗauki biro da takarda.

Ƙarfe 10 aka shiga taro. Na ce, "Ranka ya daɗe, buhu 340 ne a sito." Sai na ji "wato" ta taho har bakina. Na haɗiye ta, na ja numfashi. Shirun nan ya yi mini tsawo sosai, amma ba wanda ya katse ni. Manaja ma ɗago kai ya yi yana jiran sauran.

Ban taɓa "ranka ya daɗe" da "in sha Allahu" ba, kuma ba zan taɓa su ba. Ladabi ne da imani, ba cikon magana ba.

Da muka fito ta miƙo mini takardar: "wato" 3, "ka gane" 1. Dukkansu sun fito ne lokacin da aka tambaye ni kuɗin dakon mota, abin da ban shirya masa ba. Kafin taron Alhamis zan zauna da takardun dakon in san su sosai.